Wutsiyar da Na Yanke

Baba ba mai dariya ba ne. Ba mugu ba ne, ko alama, amma in ka ga haƙoransa a waje to goro yake tauna. A gidanmu na Kusada, da an ji gyaran muryarsa daga zaure kowa zai shiga taitayinsa. Inna ta rage murya, mu yara kowa ya rarumi abin da zai ce aiki yake yi. Manomi ne, yana da shanun huɗa biyu, fari da ja, da amalanken da yake kai taki gona, ranar kasuwa kuma ya yi wa mutane dakon buhuna. Da shanun nan kaɗai na taɓa jin ya yi doguwar hira. Hoto kuwa ba ya so. Wanda muke da shi guda ɗaya ne, na jikin katin zaɓe, shi ma ya ɗaure fuska kamar mai hoton ya taka masa shuka.

Ina ajin ƙarshe na sakandare a Kankia wasu masu shirya fim suka zo daga Kano, suna neman ƙauye da gona da amalanke. Mai unguwa ya turo su wurin Baba. Ranar ina makaranta, labari kawai na tarar. An ce da farko ya ƙi, ya ce shi ba ɗan wasa ba ne. Da suka ce shanu da amalanke kaɗai suke so, jarumin fim ɗin ne zai hau ya kora, sai ya yarda, amma da sharaɗi: "Ku ɗauki shanu, kada ku ɗauke ni." Suka ce sun ji. Yini ɗaya suka yi a bayan gari, suka tattara kayansu suka tafi.

Bayan wasu watanni fim ya fito a faifai. Ba zan faɗi sunansa ba, duk sa'ana ya san shi, don a shekarar babu gidan bikin da ba a sa waƙoƙinsa ba. Ni na sayo mana faifan a Kankia. Gidanmu babu talabijin, sai muka kai gidan maƙwabcinmu mai janareta. Bayan la'asar aka taru, mata a ɗaki, mu a bakin ƙofa. Da aka zo wurin da jarumin ya wuce a kan amalanke ɗakin ya kaure da ihu, kowa na nuna jan sanmu sai ka ce ba kullum yake wucewa ta ƙofar gidansu ba. Baba dai ba a nuna shi ba, sun cika alkawari.

Fim ya ƙare, sunaye suka fara hawa, mutane suka fara laluben takalma. Mai gidan ya miƙe zai kashe janareta don kada mai ya ƙone a banza, sai hoto ya dawo. Ashe a wutsiyar faifan sun zuba kurakuran da aka yi wajen ɗauka: wannan ta manta maganarta, wancan rawaninsa ya warware. Can sai ga amalankenmu. Jarumin ya hau da babbar riga, ya daka wa shanu tsawa irin ta mutumin birni, jan sa ya waiwayo ya dube shi, ya gurfana ya yi kwanciyarsa. Amalanke ya karkace, jarumi ya zame ya bi buhunan dusa ƙasa. Sai ga Baba ya shigo cikin hoto a guje, yana dariya. Dariya fa ta gaske, har da riƙe ciki, hularsa ta faɗi bai ma kula ba. Ya dafa ƙahon san, ya sunkuya ya faɗa masa wata magana yana share hawaye da bayan hannu, san ya miƙe. Duka-duka abin bai kai minti ɗaya ba.

Inna ta dafe baki. "Malam ne! Wallahi Malam ne ke dariya!" Ta ce a maido, aka maido, ta ce a ƙara. Sau huɗu aka maimaita har janareta ya yi tari ya mutu. Da aka kai wa Baba labari cewa ya yi sun ci amana, kuma bai taɓa yarda ya kalla ba. Inna ta naɗe faifan a tsumma ta sa a ƙasan kwalla, inda take ajiye abin da ba ta son yara su taɓa.

Na gama makaranta, karatu bai ci gaba ba, na buɗe ɗan shago a Kankia, bakin titin Kano zuwa Katsina, kusa da inda motoci ke tsayawa. Cajin waya nake yi da turi. Turi shi ne mutum ya kawo wayarsa ko memorinsa, ka zuba masa finafinai da waƙoƙi daga kwamfuta. A lokacin memorin mutane ƙanana ne, kowa kuma so yake a cusa masa fim goma a inda biyar za su shiga. Don haka sana'ar tana da dabararta. Ka matse fim ya ƙanƙance, ka yanke masa kai, wato tallace-tallacen farko, ka yanke masa wutsiya, wato sunaye da duk abin da ya biyo bayansu. Da jarumi ya faɗi maganarsa ta ƙarshe sai ɗif. Babu wanda ya taɓa dawo mini da ƙorafi a kan wutsiya.

Ni kuwa na iya aikin nan, ba yabon kai ba. Fim ɗina ƙarami ne amma hotonsa garau, murya ba ta riga baki. Har wani ɗan tauraro kore nake maƙalawa a kusurwar ƙasa, don duk wanda ya kwafa daga wurina ya yi mini talla ko yana so ko ba ya so. Kuma sun kwafa. Masu turin Kusada a wurina suke ɗauka, direbobi su cika waya su wuce da su Katsina da Kano, daga can ban san inda suke kaiwa ba. Ina jin daɗi in ga taurarona a wayar baƙon da ban taɓa gani ba.

Ranar da na yanke fim ɗinmu ina tune da ita sarai. Na karɓo faifan wurin Inna, na ce zan kwafa in dawo mata da shi. Na kalli wutsiyar, har na yi dariya ni kaɗai. Sannan na ce a raina, faifai yana nan, Baba yana nan, ko shekaranjiya sai da ya yi mini faɗa a kan makarar sallar asuba, wa zai ɓata memorinsa a kan tsoho da sa? Akwai kuma abin da ba na son faɗa, amma zan faɗa. Tun fitowar fim ɗin abokai suke tsokanata da "ɗan mai sa", ni kuwa lokacin na fara sa takalmi sau-ciki, ina ganin kaina ɗan gari. Na ja layi daidai inda sunaye suke farawa, na danna. Faifan kuma ban mayar ba. Na jefa shi cikin buhun da nake tara faya-fayan da na gama kwafewa, da niyyar in zan je gida in ciro.

Lokacin da gero ya fara nuna, Baba ya biyo ta shagona ranar kasuwa. Bai shigo ba, bai taɓa shigowa ba, daga bakin ƙofa ya tsaya. Ya ce tsuntsaye sun dame shi, ya ga wasu suna rataya faya-fayan nan a gona ƙyallinsu yana korar su, ko ina da waɗanda ba na so. Ina tsakiyar yi wa wani turi, mutum uku suna jira. Na jawo buhun gaba ɗaya na miƙa masa, ko leƙawa ban yi ba. Har daɗi na ji, yau ga Baba ya nemi wani abu daga sana'ar da yake kira zaman banza.

Shekara biyu bayan nan ya rasu. Zazzaɓi ne na kwana uku, bayan an gama kai amfanin gona gida. Babu doguwar jinya, babu wasiyya, ina shago aka bugo mini waya. Shanun aka sayar wajen rabon gado.

Da Inna ta fita takaba na je gaishe ta. Na yi sallama zan tafi, har na kai ƙofar ɗaki, ta ce, "Ɗan nan, faifan ga da ka amsa tun tuni, ka maido mani. Ina son in ga Malam."

Na ce, "To, Inna, gobe in sha Allahu." Da gaskiyata na faɗa. Sai da na hau babur na yi nisa a hanyar Kankia sannan abin ya faɗo mini, buhun da hannuna da ya miƙa shi. Na tsaya a gefen hanya na kashe babur. Ban san tsawon lokacin da na yi a wurin ba.

Washegari na nufi gonar. Baba ya ɗaura faya-fayan da zare a jikin sanduna da rassan kalgon da ke kan iyaka. Yawanci iska ta tsinke su, 'yan kaɗan ne suka rage suna lilo. Rana da ruwa sun cinye su, ƙyallin ya ɓare, kana hango tafin hannunka ta cikinsu. Na bi su ɗaya bayan ɗaya har na sami wanda ragowar sunan fim ɗin ke jiki. Ƙullin zaren na Baba ne, irin wanda yake yi wa bakin buhu, da haƙori na kwance shi. Na kai faifan shago, na wanke da man goge baki kamar yadda muke yi wa wanda ya karce, na sa a kwamfuta. Ta yi ta juyi tana gurnani, ta turo shi waje. Na mayar, ta turo. Na yi ta yi har mai shayin da ke gefe ya leƙo ya tambaye ni ko lafiya.

Na gaya wa Inna faifan ya lalace, amma fim ne da ya cika duniya, zan samo wani. Ban gaya mata wanda ya lalata shi ba.

Ashe duniyar da fim ɗin ya cika, nawa ne ya cika ta. Zamanin faifai ya wuce ban lura ba, ni da irina muka kashe shi. Shagunan da suke sayarwa a Kankia sun koma sayar da caja da murfin waya. Na bi gidajen da na san sun saya a Kusada, wani ya ce yara sun yi wasan mota da shi, wata ta ce tun tashin da suka yi ba ta ƙara ganinsa ba. Na je Katsina, na je Kano, na zazzage kwalayen tsofaffin faya-fayai har hancina ya toshe. Duk inda na tambaya sai wani ya ce, "Haba, wannan ai ina da shi a waya." Ya buɗe mini da murnarsa, in duba kusurwar ƙasa, in ga tauraro kore. Ban taɓa tsanar wani abu da na yi da hannuna kamar tauraron nan ba. Daga baya na daina nema. Inna ta tambaya sau biyu ko uku, ita ma ta daina, dainawar da ta fi mini tambayar ciwo.

Shekaru suka ja. Wata rana labari ya bazu a waya cewa za a sake fitar da fim ɗin, an wanke hotonsa an gyara sauti, za a sa shi a intanet. Masu aikin suka ce masoya su rubuta abin da suke so a ƙara musu. Ranar, a majalisar ƙofar shagona, ba a yi wata hira ba sai wannan.

Telan da shagonsa ke jikin nawa, wanda ya haddace fim ɗin har tarin da aka yi a ciki, shi ya fara. "Ni dai waƙar nan ta bakin rijiya. Anka nuna mana ita a talla, munka saye faifai, babu ita babu dalilinta. Shekara nawa ina jiran waƙar ga? Su hiddo ta kawai mu rabu lahiya."

Wani malamin firamare da ke zama da mu ya ce shi ba waƙa ta dame shi ba. "A zaunar da daraktan nan ya yi mana bayani dalla-dalla, mi yarinyar nan ta yi mashi da ya kashe ta a ƙarshe? An ce sun ɗauki wani ƙarshen da ba ta mutu ba. To su sa mana duka biyu, kowa ya zaɓi nashi."

Wani direba ya ce a rubuta sunan garin da aka ɗauki kowace fitowa, don ya sha musu da mutane a kan wata gada da ya rantse ya san ta. Wata mata da ta zo karɓar ɗinki ta sa baki daga ƙofar tela, ta ce ita a nuna mata 'yan wasan yadda suka koma yanzu, waɗanda suka rasu kuma a jera hotunansu a yi masu addu'a. Kowa yana zuba nasa, ana tafawa, kamar masu aikin suna zaune a bencinmu da biro.

Ni zuciya ta ɗebe ni. Dama ina da saurin hawa, a wurin Baba na gado. Na ce, "Ku da ko sunayen ƙarshe ba ku taɓa tsayawa kun kalla ba, yau ku ne masu son ƙari? Da jarumi ya rufe baki kun miƙe!"

Tela ya cire zare daga baki ya dube ni yana dariya. "To wa ya hana mu kallo? Ba kai ne wanzamin da ke yi masu aski ba?"

Aka fashe da dariya. Shi wasa yake yi, bai san komai ba. Ni na tashi na shige shago, na yi kamar ina neman wata caja.

Da majalisa ta watse na ɗauki waya na shiga inda ake rubuta buƙatun. Mutane sun yi ta zubawa, irin na majalisarmu ne, har da masu son a sa yadda aka koyi rawa da masu son a yi hira da wanda ya ɗinka kayan. Na rubuta na goge ya fi sau biyar. A ƙarshe na ce: don Allah ku maido kurakuran da ke bayan sunaye a tsohon faifai. Akwai wani tsoho da sansa ya kwanta, ya shigo yana dariya. Mahaifina ne, ya rasu, kuma ba mu da wani hotonsa mai motsi sai wannan.

Kafin magariba mutane sun cika ƙarƙashin rubutuna. Wani ya ce wallahi ya tuna tsohon nan, har hularsa ta faɗi. Wata ta ce mahaifiyarta saboda wurin nan kaɗai take sa faifan. Wasu suka yi masa addu'a, wasu suka ce su sun janye buƙatunsu, a sa wannan kawai ya ishe su. Mutanen da ban sani ba, ban san garuruwansu ba, suna tune da dariyar Baba. Na kifa kai a kan tebur na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Tela ya ga rubutun shi ma, ya shigo ya tsaya a kaina, ya ce, "Ka yahe mani, ban sani ba." Shi ma rabin labarin ya sani.

Nan na yi kuskure na biyu. Na kasa riƙe bakina, na je Kusada na gaya wa Inna za a sake fitar da fim ɗin, kuma jama'a da yawa sun roƙa a sa wurin Malam. Ta ɗaga hannu ta yi hamdala. Daga ranar duk zuwan da zan yi sai ta ce, "Yaushe anka ce?"

Ranar da aka sake shi da hantsi na sauke shi a kwamfuta. Ban kalli farko ba, na ja kai tsaye zuwa ƙarshe. Jarumi ya faɗi maganarsa ta ƙarshe, ya juya baya, sai ɗif. Bayan nan wasu sababbin sunaye ne aka rubuta a baƙin allo, sai hira da daraktan, ya tsufa ya yi furfura, sai hotunan waɗanda suka rasu. Babu waƙar tela, babu kurakurai. Na dawo baya na ƙura wa wurin yankan ido. Na san wannan yankan, akwai ɗan guntun kiɗan sunaye da ya fara shigowa kafin a datse, ni na bar shi saboda gaggawa. Na kalli kusurwar ƙasa. Sun shafe wurin ya yi dishi-dishi, amma in hoto ya yi duhu kana ganin kore-kore.

Duk da haka ban haƙura ba, na ce wataƙila suna da shi sun ƙi sawa ne. Na shiga mota na tafi Kano, na yi ta tambaya har aka kai ni wani ɗan ofis a saman bene, inda wanda ya yi aikin gyaran yake. Mutum ne mai kirki, ya ga rubutuna, ya yi mini gaisuwa. Ya ce da suna da shi da tuni sun sa. Kaset ɗin asali a wani ɗakin ajiya aka bar su, rufi ya yi yoyo damina da yawa babu wanda ya leƙa, da aka buɗe sun manne sun yi fumfuna. Sun nemi faifai mai kyau sun rasa. Dole suka bi abin da ke yawo a wayoyin mutane, suka tara kwafi iri-iri suka zaɓi wanda ya fi haske.

"Na wani mai turi ne, mai sa koren tauraro," in ji shi. "Gaskiya ya iya aiki, nasa ya fi na kowa. Amma ya yanke mana sunayen mutanen da suka sha wahala, ya yanke komai. Sai da muka bi tsofaffi suna tuno mana sunaye. Mu dai Allah Ya saka mana."

Na ce, "Amin." Na yi masa godiya na sauko.

Daga tasha ban tsaya Kankia ba, na wuce Kusada. Na tarar da Inna a tsakar gida tana tsince wake. Tana ganina ta ture faranti, ta goge hannu a zane, ta gyara zama a kan tabarma. "An hiddo?"

Na ce an fito da shi. Na rasa ta inda zan fara, sai na yi abin matsorata, na kunna mata a waya na jingina da ƙwarya. Ta kalla tun daga farko. Jarumi ya juya baya, sunaye suka wuce, daraktan ya yi hirarsa, aka nuna mamata, allo ya yi baƙi. Ta ci gaba da kallon baƙin allon tana jira.

Na ce, "Inna, ya ƙare. Babu wurin."

"Sun ƙi sawa?"

"Ba su da shi. Babu wanda ke da shi." Sai na gaya mata duka, tun daga layin da na ja, da "ɗan mai sa", da buhun, da gonar, da mutumin Kano. Ban rage komai ba. Kaina yana ƙasa, ina kallon waken da ya zube a tabarma.

Na so ta yi faɗa, na so ta zage ni, da na fi samun sauƙi. Da ta buɗe baki cewa ta yi, "Mi Malam ya ce ma san nan? Da ya duƙa. Dariyar ina ganinta, maganar ce ta ɓace mani."

Ni ma ta ɓace mini. Sau nawa na kalli wurin nan, har ranar da na yanke shi na kalla. Na ce kamar cewa ya yi tashi kada ka ba mu kunya. Ta girgiza kai, ta ce a'a, ba haka ba ne, akwai maganar baƙi a ciki. Ta gwada wata, ita da kanta ta ce ba ita ba ce. Muka zauna mu biyu muna laluben magana ɗaya, babu wanda za mu tambaya. Hawaye ya zubo mata, ba ta share ba.

Can ta ce, "Maido mani wurin amalanken. Na cikin fim."

Na ce, "Inna, ai ba ya ciki a nan. Jarumin ne kaɗai."

"Maido dai."

Na ja baya har wurin. Ga amalanke yana tafiya a hanyar bayan gari, jarumi a sama yana kaɗa sanda, shanu suna tafiya tiryan-tiryan. Ta ce in tsayar. Ta kawo wayar kusa da ido, ta sa ɗan yatsa a gefen allo, ƙasa-ƙasa. Wata igiya ce siririya ta fito daga hancin jan sa, ta miƙe gaba, ta fice daga cikin hoto. Shekara da shekaru ina tura fim ɗin nan ban taɓa ganinta ba.

"Bayan san ya kwanta masu, sai sunka ce Malam ya riƙa ja daga gaba, inda ba a ganin shi," in ji ta. "Shi ya hwaɗa mani. Wanga sa ba ya tahiya don kowa. Sake shi ya tahi."

Na saki hoton. Igiyar ta yi sako-sako, ta miƙe, ta sake yin sako-sako, daidai takun mutum. Amalanke ya wuce, aka koma wata fitowar.

"Ƙara," in ji Inna.

Na ƙara mata. Muna nan zaune har cajin wayar ya ƙare.